Sojan Wata Ƙasa A Cikin Wata Ƙasa: Me Dokar Duniya Ta Ce?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Jos

 



Kwamitin ilimi na wannan ƙungiya ne ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan abin da dokar ƙasa da ƙasa ta ce game da sojan wata ƙasa ya shiga wata ƙasa da makami. Ni dai kun san ni, ɗan kasuwa ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, sai rediyo da jarida da yawan tambayar masana. To amma maganar ba ta lauyoyi kaɗai ba ce yanzu, ta shigo har rumfunanmu. Ranar 1 ga Nuwamba 2025 Shugaba Trump na Amurka ya ce ya umarci sojojinsa su shirya, mai yiwuwa su shigo Nijeriya saboda ana kashe Kiristoci. Filato kuwa tana cikin wuraren da ake ta ambata a wannan zance. Ranar 25 ga Disamba na shekarar Amurka ta harba makamai a jihar Sakkwato. Tun daga nan babu teburin mai shayi daga Bauchi Road zuwa Gangare da ba a yi wannan gardama ba. Wasu cikin maƙwabtanmu na cewa a zo ɗin. Wasu cikin samarinmu na cewa in haka ne mu ma Rasha ta zo mana. Kowa yana kiran baƙo da bindiga, ba wanda ya tsaya ya tambayi ƙa'ida.

Ƙa'idar tana cikin yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a birnin San Faransisko a 1945, bayan yaƙin Hitila ya ci miliyoyin rayuka. Nijeriya ta shiga Majalisar ranar 7 ga Oktoba 1960, mako guda da samun mulkin kai, ita ce ƙasa ta 99. Sashe na 2, sakin layi na 4, ya hana kowace ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Ku lura, har barazanar amfani da ƙarfin ma ya hana. Wato asalin hukuncin haramci ne, kamar yadda asalin dukiyar wani haramun ce gare ka sai da dalili. Sai aka bar ƙofofi 'yan kaɗan.

Ta farko kare kai, a Sashe na 51. In an kawo wa ƙasa hari da makami tana da ikon ta kare kanta, ita kaɗai ko da taimakon ƙawayenta, kuma ta sanar da Kwamitin Sulhu nan take. Masana sun ce dole ya zama larura ce, kuma martanin ya zo daidai gwargwado. Wanda ya mare ka ba ka ƙone masa gida da rumbu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta Sira. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, ƙabilar Khuza'a ta shiga alkawarin Manzon Allah, Banu Bakar suka shiga na Ƙuraishawa. Da Banu Bakar suka auka wa Khuza'a da taimakon Ƙuraishawa, Khuza'a ce ta kai kuka Madina, sannan aka fita zuwa Makka a shekara ta 8. Akwai alkawari, akwai wanda ya karya shi, akwai wanda aka zalunta ya nemi agaji da bakinsa.

Ƙofa ta biyu izinin Kwamitin Sulhu, mai ƙasashe 15. Ana bukatar ƙuri'a 9, kuma kada ɗaya daga cikin manyan nan biyar, Amurka, Ingila, Faransa, Rasha da Sin, ta hau kujerar na-ƙi. Da wannan izini aka fitar da Iraƙi daga Kuwait a 1991, bisa ƙuduri mai lamba 678. Amma da Amurka da Ingila suka koma Iraƙi a 2003 ba su samu izinin ba, suka tafi abinsu a kan zancen makaman ƙare dangi da ba a taɓa ganowa ba. Kofi Annan, yana babban sakataren Majalisar, ya faɗa wa BBC a 2004 cewa yaƙin nan ya saɓa wa doka.

Ko wanda aka ba izinin ma yakan wuce gona da iri. A watan Maris 2011 Kwamitin ya zartar da ƙuduri na 1973 don a kare farar hula a Libiya. Mutane da yawa ba su san cewa Nijeriya tana cikin Kwamitin a lokacin ba, kuma ta jefa ƙuri'ar amincewa, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. An ce a kare mutanen Bengazi, sai jiragen NATO suka ci gaba da ruwan wuta har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. Ka ba mutum aron tsani ya gyara maka indararo, ya hau ya kwashe kwanon ɗakin. Rumbunan makaman Libiya suka fashe, a 2012 arewacin Mali ya kama da wuta, sauran labarin kuma mutanen Sahel ne suka san shi a jikinsu.

Ƙofa ta uku ba a rubuta ta ɓaro-ɓaro cikin yarjejeniyar ba, amma duniya ta yarda da ita, wato gayyata. In mai gida ya ce shigo, ba ka yi kutse ba. Misali na kusa shi ne Jamhuriyar Benin. Ranar 7 ga Disamba 2025 wasu sojoji suka fito a talabijin a Kwatano suka ce sun karɓi mulki. Shugaban ƙasar na lokacin, Patrice Talon, bai faɗa hannunsu ba, ya nemi taimakon Nijeriya, jiragen yaƙinmu suka tashi, kafin gari ya waye an gama. Kwana biyu bayan haka Majalisar Dattawa ta amince, domin Sashe na 5 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ce ba a tura sojan Nijeriya yaƙi a waje sai da yardarta. Wannan kam da wuya a samu lauyan da zai ce an karya doka.

To amma fa, jama'a, duk rigimar tana cikin tambaya guda: wane ne mai gidan? Wanda aka zaɓa, ko wanda mabuɗi ke hannunsa? A nan nake so in daɗe kaɗan, domin a nan ne tarihin garin nan namu ya shigo.

Duk wanda ya bi ta Rukuba ya ga sunan da ke ƙofar barikin runduna ta uku: Maxwell Khobe. Yaranmu da yawa ba su san ko wane ne ba. Mu da muka yi wayo a shekarun 1990 mun san ECOMOG, mun ga matan bariki suna zuwa kasuwa da tagumi, wata uku ba wasiƙa daga Laberiya. Ga yadda abin ya faro. A ƙarshen 1989 Charles Taylor ya tayar da tawaye, kafin tsakiyar 1990 ya kama mafi yawan ƙasar, Shugaba Samuel Doe ya rage daga shi sai fadarsa. Sojojin Doe suka shiga cocin Lutheran a Monrobiya a ƙarshen Yuli suka kashe mutum wajen 600 da suka fake a ciki. 'Yan tawayen Taylor kuma suna farautar Mandingo. Su wane ne Mandingo? 'Yan kasuwa ne Musulmi, kakanninsu sun zauna a ƙasar tun kafin a haifi masu korarsu, amma ana ce musu baƙi. Ba sai na ƙara bayani ba, kowa a ɗakin nan ya gane. Akwai kuma dubban 'yan Nijeriya da suka maƙale, har da 'yan jarida biyu, Krees Imodibie da Tayo Awotusin, waɗanda ba su dawo ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan watan hankalinta yana Kuwait. Sai wasu shugabannin ECOWAS suka zauna a Banjul ranar 7 ga Agusta 1990, Janar Babangida ne ƙashin bayan abin, suka kafa ECOMOG. Sojojin Nijeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya suka sauka Monrobiya ranar 24 ga Agusta. Ba su da izinin Kwamitin Sulhu, alhali Sashe na 53 ya ce ƙungiyar yanki ba ta da ikon tilasta wa kowa da ƙarfi sai da izinin Kwamitin. An ce Doe ya rubuto yana neman a zo, to amma mutumin da ikonsa bai wuce katangar gidansa ba, gayyatarsa ta ɗaure ƙasa duka? Taylor ya ce sam, ya tarbe su da harsashi. Ko cikin ECOWAS ɗin Kodebuwa da Burkina Faso ba su yarda ba. Bayan an kama Doe a hedikwatar ECOMOG ranar 9 ga Satumba aka kashe shi, sai aka miƙa rundunar ga ɗan jihar nan, Janar Joshua Dogonyaro mutumin Langtang, shi ne ya kori Taylor daga Monrobiya. Janar John Shagaya ma ya riƙe ta a 1993. Sai a watan Nuwamba 1992, bayan shekara biyu da wani abu, Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri na 788 yana yaba wa ECOWAS. An ɗaura aure ke nan bayan an yi suna.

In kun tambaye ni, da ina Mandingo a Monrobiya a 1990, wallahi ba zan tambayi sojan da ya tsare ƙofar masallaci ko yana da takarda daga New York ba. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ko bariki da iyalinsa yana jiran gari ya lafa ya san ta. A Ruwanda a 1994 an tsaya jiran takarda, mutum wajen 800,000 suka tafi cikin kwana ɗari. Saboda haka kada wani ya ce muku dokar nan ba ta da aibi. Tana da shi, kuma talaka ne ke biya.

Saliyo ta biyo baya. Sojoji suka kifar da Ahmad Tejan Kabbah ranar 25 ga Mayu 1997. Kwamitin Sulhu ya ba ECOWAS ikon tsare takunkumi kawai, a ƙuduri na 1132. A watan Fabrairu 1998 dakarun ECOMOG, Maxwell Khobe na gaba, suka kori sojojin daga Firitawun, Kabbah ya koma kujerarsa a watan Maris. Wa ya tura su? Janar Abacha, wanda shi kansa da bindiga ya hau, wanda ya ci zaɓen 1993 kuma yana tsare a hannunsa. Mutane suka riƙa dariya suna cewa Nijeriya tana fitar da abin da ba ta da shi a gida. Khobe ya rasu a 2000, aka sa wa barikinmu sunansa. Gwamnatin Obasanjo ta ce waɗannan yaƙe-yaƙe biyu sun ci wa Nijeriya kimanin dala biliyan 8, ban da rayuka.

Daga waɗannan abubuwa ne ECOWAS ta rubuta wa kanta yarjejeniyar Lome ta 1999, wadda ta ce za ta iya shiga ƙasar da aka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. A Gambiya a 2017 dabarar ta yi aiki. Yahya Jammeh ya sha kaye ya ƙi sauka, aka rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadancin ƙasarsa a Dakar ranar 19 ga Janairu, ya gayyaci sojoji, bayan kwana biyu Jammeh ya hau jirgi. Ko a nan ɗin, ƙuduri na 2337 cewa ya yi a fara da hanyar siyasa, bai ba da izinin yaƙi ba. An dai ci sa'a ba a zubar da jini ba, sai kowa ya kau da kai.

Sai aka zo kan Nijar, inda abin ya taɓa mu kai tsaye. Ranar 26 ga Yuli 2023 masu gadin fada suka tsare Shugaba Bazoum, Janar Tchiani ya hau. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja, Shugaba Tinubu ne ke shugabantarta, ta ba da kwana 7, in ba haka ba har da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da muke ba su. Ranar 10 ga Agusta aka ce rundunar ko-ta-kwana ta shirya. Mu auna da ƙofofin nan. Nijar ta kawo wa Nijeriya hari? A'a. Kwamitin Sulhu ya ba da izini? A'a. Gayyata fa? Bazoum ya yi rubutu a wata jaridar Amurka yana neman duniya ta taimaka, amma yana tsare, ba soja ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Lauyoyin ECOWAS suka ce ai Nijar ta sa hannu a Lome, ta ba da izini tun kafin abin ya faru. Waɗansu suka amsa cewa Sashe na 103 ya fifita yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kowace yarjejeniya, kuma Sashe na 53 yana nan daram. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar, amma ba ta sa albarka ga yaƙin ba. Mali da Burkina Faso kuwa suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su.

Ni ba na goyon bayan juyin mulki. Mun ga na 1966, na 1983, na 1993, mun san abin da bindiga ke yi wa kasuwa da bakin mutane. Tsare Bazoum har aka cika shekara biyu a 2025 ba shari'a, zalunci ne. Amma iyakarmu da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, jihohi 7 ne a bakinta, daga Kebbi har Borno. Bom ɗin da zai faɗa Maraɗi ɗan Katsina zai kashe. Ko takunkumin kawai kun ga abin da ya yi. Motoci sun yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, albasa ta ruɓe a kan mota, masu kai dankalin Bokkos suka rasa masu sayensu, dabino da kanwa da dabbobi suka yi tsada, asibitocin Nijar suka shiga duhu. Majalisar Dattawa ranar 5 ga Agusta ta ce a bi hanyar sulhu. Aka tura Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, wanda shi kansa tsohon sojan ECOMOG ne a Saliyo, ya san abin da ake nufi da yaƙi. Sarki Sanusi ya je, malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau suka je. Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi. An janye takunkumin a watan Fabrairu 2024, amma zumunci ya riga ya tsage, ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS a watan Janairu 2025.

A lokacin nan dukkanmu lauyoyi muka zama. Kowa a Katako da Farin Gada yana cewa ƙasa mai 'yanci ce, ba a shiga mata. Madalla. To wannan mudun da muka auna wa Nijar, shi za mu riƙe. A zanga-zangar watan Agusta 2024 an ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Rashar da ta shiga Yukren a 2022 ba ta kowace ƙofa ba, har ƙasashe 141, da Nijeriya a ciki, suka yi tir da ita a babban zauren Majalisar. In Amurka ta yi a Iraƙi haramun, in Rasha ta yi a Yukren halal? Mu 'yan kasuwa mun san sunan mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da aka saukar a kansa. Haka kuma maƙwabcinmu da ya yi murna da barazanar Trump, ya tambayi kansa ko zai yarda wata ƙasar Musulmi ta ce za ta turo jirage Filato don ta kare mu.

Yanzu ga hujjar da aka fi jin daɗin kawowa, wato ceton waɗanda ake kashewa. A taron shugabannin duniya na 2005 an amince cewa in gwamnati ta kasa kare mutanenta daga kisan ƙare dangi da makamantansa, duniya tana da alhakin kare su. Amma a cikin takardar an ce ta hannun Kwamitin Sulhu. Ba a ba wata ƙasa ita kaɗai lasisin ta zama mai ƙara, ta zama alƙali, ta zama dogari ba. Dalili kuwa kakanninmu sun gan shi. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugga ya haɗa wannan da zancen hana cinikin bayi ya yi hujja. Cinikin bayi kuwa ana yin sa, ba mai musu, kuma mugun abu ne. Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Mai ceton bayi ya zauna shekara kusan 60. A tsaunukan nan kuma bindigar nan ce dai ta bi Birom da Anaguta da Jarawa da Angas, aka karɓe gonakinsu aka haƙa kuza, lokacin yaƙin Hitila har da aikin tilas aka kwaso mutane daga lardunan Arewa. Kududdufan da ke cinye mana yara a Rayfield da Bukuru gadon wannan ceto ne. Da mu da maƙwabtanmu, babu wanda baƙo mai bindiga bai taɓa yi wa alkawari ba.

Wannan ba ya nufin kukan maƙwabtanmu ƙarya ne. An kashe mutane a Dogo Nahawa a watan Maris 2010, an kashe a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, mata da yara, suna barci. Mu ma mun binne namu, a Satumba 2001, a Yelwan Shendam 2004, a Nuwamba 2008, a Kuru Karama a Janairu 2010, da matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Agusta 2021. Duk wanda ya ƙirga gawar ɓangare ɗaya ya bar ɗaya, shi ma mai mudu biyu ne, ko a Washington yake ko a Unguwar Rogo. Makami mai linzami kuma bai san Dilimi daga Apata ba, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce.

Harin Sakkwato fa, ta wace ƙofa ya shigo? Gwamnatinmu ta ce da yardarta aka yi. Ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya ce Nijeriya ce ta ba da bayanan sirri, Shugaba Tinubu kuma ya amince. An ce 'yan ta'adda aka nufa a dajin Tangaza, ɓaraguzai kuma suka faɗa Jabo da Offa ta jihar Kwara. In haka ne, a idon dokar duniya ƙofar gayyata ce, ba a yi kutse ba. Sai dai ni ɗan kasuwa ina da tambaya. Cinikin da aka yi bayan mai saye ya nuna maka kube a ƙugunsa, sunansa ciniki? Barazana a Nuwamba, yarda a Disamba. Sannan gayyata tana da iyaka, wanda aka ce ya shigo zaure bai da ikon ya zarce ɗakin matan gida. Mene ne iyakar wannan yarda, wata nawa ce, wa ke zaɓar inda za a harba, wa zai biya diyya in an kashe manomi? A 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila saboda ɗalibai da 'yan ƙasa sun tsaya sun yi irin waɗannan tambayoyi.

Na san wani zai ce, Alhaji, wace doka? Mai ƙarfi shi ne doka. Akwai gaskiya a ciki. Kotun Duniya da ke Heg ta yanke wa Amurka hukunci a 1986 kan abin da ta yi wa Nikaraguwa, Amurka ta yi kunnen uwar shegu. Amma kotun nan ce ta kama Yuganda da laifin shiga Kwango a 2005, a 2022 ta ce ta biya dala miliyan 325, Yuganda kuma ta fara biya. Mu kanmu, da kotun ta ba Kamaru Bakassi ranar 10 ga Oktoba 2002, muna da sojan da za mu ƙi, amma muka janye, aka kammala miƙawa a 2008, har da ƙauyukan tafkin Cadi irin su Darak inda Hausawa masunta da 'yan kasuwa suke. Ya yi zafi, amma babu uwar da ta rasa ɗa a yaƙin Nijeriya da Kamaru bayan nan. Dangar kara ce, na yarda, ba ta hana giwa. Amma ku lura, ko giwar in za ta shiga sai ta tsaya ta ƙirƙiro hujja, ta ce kare kai ne, ta ce an gayyace ni. Ba wanda ke neman uzuri ga dokar da ba ta da daraja. Mu da ba mu da kujerar na-ƙi, ba mu da jirgin ruwan yaƙi a tekun kowa, in muka taya giwa tattake dangar, da me za mu kewaye gonar?

Abin da ke buɗe wa baƙo baki a kanmu kuwa a gida yake. An kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008, na Solomon Lar a 2010. Mutanenmu sun je sun ba da shaida, maƙwabtanmu sun je. Waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa kisan da ba a hukuntawa ne ya tsaga shi.

Don haka, malam shugaba, ina ba da shawara ƙungiya ta rubuta takarda zuwa ga sanatanmu na Filato ta Arewa da ɗan majalisarmu na Jos ta Arewa da Bassa. A nemi su tambaya a zauren Majalisa mene ne sharuɗɗan duk wata yarjejeniya da ta ba sojan waje damar harbi a cikin ƙasar nan, a kuma nemi su tayar da rahotannin kwamitocin nan daga inda aka ajiye su. Kafin a aika, a kai wa ƙungiyoyin Birom da Anaguta da Afizere da shugabannin coci na unguwanninmu su gani, wanda ya yarda ya sa hannu tare da mu, wanda bai yarda ba mu ji dalilinsa. Ni zan ɗauki nauyin kuɗin bugawa da na mota.

Ga ladan can yana duba agogo. Masu tambaya sai bayan La'asar, ina nan ba inda za ni.